Tabon Wutar Banda

Haɗeja, Litinin

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da maigidanki da yara. Ya ambaliya ta bar ku? Tunda wayarki ta faɗa kogi, ga takarda ta hannun direba.

Na ga likitocin da suka zo gyaran tabon ƙuna. Babbarsu ta ɗaga mayafina, ta daɗe tana taɓa kuncina inda wutar bandar kifi ta cinye, sannan ta ce zai gyaru. Yaya, zai gyaru! Fata za su yanko a cinyata su dasa. Amma sai an duba lafiyata tukuna. Yau an ɗebi jini da fitsari, an auna bugun zuciya. Ta tambaya ko ina shan wani magani, na ce a'a. Safa ma na sa don kada ta ga kumburin ƙafata. Kada ki yi mini faɗa. So nake ranar bikin 'yata Zulfa in zauna cikin mata fuskata a buɗe.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Ummussalma

Kirikasamma, Alhamis

Ummussalma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ruwa ya ci shinkafar ƙaninmu Shu'ibu kaf.

Faɗa kam zan yi. Likita kike ɓoye wa ƙafa? Ƙwayoyin ciwon jikin nan da kike haɗiya safe da yamma tun da kika ƙone, su ba magani ba ne? Gobe ki cire safar nan ki faɗa mata gaskiya. Zulfa ta ce ita da fuskar nan ta san uwarta, ba ta nemi wata ba.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarki, Hajo

Haɗeja, Lahadi

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ban kai ga faɗa ba, jinina ya riga ni.

Likitar ta kira ni ita kaɗai, ta ja kujera kusa da ni. Ta ce, "Baiwar Allah, ƙodojinki duka biyu sun gaji. In muka yi miki allurar barci, da wuya ki farka." Na ce na yarda, a yi haka nan. Ta ce ita ba ta yarda ba. Na kama hannunta ina roƙo kamar yarinya, ta bar ni har na gaji.

Wai wankin ƙoda zan fara, ba kuma ranar dainawa sai an sami wanda zai ba ni tasa. Ɗakin wankin cike yake da mutanenmu na bakin kogi. Na ga Gana mai saƙar taru, ban gane shi ba sai da ya kira sunana.

Jiya aka yi wa matar da ke gado kusa da nawa aikinta. Na riƙe mata madubi.

Likitocin za su tafi Laraba. Ki yafe mini, Yaya.
Ummussalma

Kirikasamma, Talata

Ummussalma,

Bayan gaisuwa, ki daina kuka. Ƙoda biyu Allah ya ba ni, me zan yi da biyu? Gobe kwalekwale zai fitar da ni titi. Ki ce su shirya allurarsu.

Sai na zo.
Hajo

Haɗeja, Asabar

Shu'ibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya.

An ɗebi jinina. Da sakamako ya fito, likita ya tambaye ni tun yaushe nake jin kasala, ya ce in dawo Litinin a buɗe mini kati ni ma a sashen masu ciwon ƙoda. Ummussalma na ce mata ba a gama gwajin ba. Tana ta sa mini albarka.

Kada ka faɗa wa Zulfa. Kai ma ka zo a gwada ka, amma ba don ka bayar ba.

Allah ya sa mu gana.
Yayarka, Hajo