Akwatin da Ba Ya Numfashi

Funtuwa, daren Laraba, Maris 1988

Kwana tara na yi ina haɗa akwatin katakon da zai ɗauki kwamfutoci ukun nan na ofishin masu sayen auduga. Abu ɗaya manaja Alhaji Sule ya ja mini kunne a kai: kada ɓera ya samu hanya, don ya taɓa cinye musu wayar lantarki. Ni kuwa na toshe shi kamar rumbun dawa, ko allura ba za ta shiga ba.

Yau muka jera su ciki muka kunna. Kafin la'asar sai ƙaurin roba, ta tsakiyar ta ɗauke ɗif. Injiniya Bamidele ya dafa katakon ya janye hannu.

"Malam Garba, hatsi ka ɗauka za a adana? Waɗannan numfashi suke yi."

Raina ya ɓaci, don ranar awo bai faɗa mini haka ba, amma na haɗiye. Sunayen manoman Bakori da Ƙarfi duk suna cikin wadda ta ɗauke ɗin. In ta ƙone, wa zai ƙara ba ni aiki a garin nan?

Da hannuna na fasa taga biyu a jikin katakon madacin da na sha wahalar gogewa. Sai na tuna da ɓera. Na garzayo gida na cire ragar rariyar matata Hajara guda biyu, na koma na buga a tagogin.

Bamidele ya ce a bar kwamfutar ta huce, da safe a ga ko za ta tashi.

Hajara ba ta yi faɗa ba. Tuwo ta ajiye mini duk tsaki, ta ce, "Ci haka nan, Malam, rariya ta samu aikin ofis."