Kaka a Cikin Safar Ulu

Bergen, Nuwamba

Mama,

Gaisuwa mai yawa, ya sanyin tsibirinmu Fedje? Ni da jikanki Eilif muna lafiya.

Roƙo nake. A makarantar ƙananan yaran da nake koyarwa muna ɗinka 'yan tsana da tsofaffin safa, irin waɗanda ake zura hannu a ciki su yi magana. Kowane yaro zai yi mutanen gidansu. Ko safar ulun marigayi Baba na nan? Na tuna teburin kicinmu, kina liƙa maɓallai a matsayin idanu, Baba yana yin muryar limamin coci har shayi ya sarƙe shi. Wallahi ina kewar lokacin.

Maganar ki dawo wurinmu kuwa, kin ce a'a, na bar ta.

'Yarki,
Tordis

Fedje, Nuwamba

Tordis 'yata,

Na gode da gaisuwa. Ga safa nan, duk da ke ko maɓalli ba ki taɓa ɗinkawa daidai ba. Mai toka-tokar nan Babanki ya sa ta ranar da ya fara kai ki kamun kifi.

Ni lafiya lau. Maƙwabciyata Oddny ta koma wurin ɗanta, yanzu hayaƙin gidana kaɗai ke tashi a layinmu. Na ɗan zame a ƙanƙara, ba wani abu ba ne. Kun kyauta da kuka bar maganar, gidanku ƙarami ne.

Mamanki,
Gunvor

Bergen, Disamba

Mama,

Ina gaisuwa. Jiya a makaranta Eilif ya ɗinka ki da safar Baba, ya yi miki gashi da farin zare. Wata yarinya ta miƙa wa 'yar tsanar kofi, Eilif ya maƙe murya irin taki ya ce, "A'a, kada ku wahala." Yarinyar ta janye kofin. Sai ya daka mata tsawa: "Ke, ba haka ake yi ba! Kaka sai an matsa mata take karɓa. Sake tambaya!"

Zaman birni ya mantar da ni cewa mutumin tsibirinmu ba ya amsa tayin farko, ko yunwa za ta kashe shi.

Mama, ki zo. Ki zo mana. Don Allah ki zo, ba zan daina ba.

Tordis

Fedje, Disamba

'Yata,

To, tunda kin nace. Ku tare ni a jirgin ruwan Asabar. Kada ki damu da haɗa kaya, akwatina a ɗaure yake tun ranar da Oddny ta tafi.

Mamanki