Rafin da Ban Taka Ba

Malanda, 9 ga Janairu

Yaya Noeline,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar, ta yi sauƙi? Nan kwana shida ana ruwa. Tun rasuwar matata Merle ni da rediyo ne a gidan, kuma ya fi ni magana.

Jiya Shanelle, ma'aikaciyar gandun daji, ta zo da laka har gwiwa. Ta ce, "Kawu Lyle, zauna kafin ka faɗi. Mun ga kwaɗonka." Kin tuna shi, ɗan mitsitsin nan da bai kai kan babban yatsa ba, wanda na shekara ashirin ina ƙirgawa a rafukan kan dutse har cutar fata ta share su. Rabona da jin kukansa tun 1994. Sun sami goma sha ɗaya a wani kwazazzabo. Tana son littattafan ƙidayata, kuma wai za su kai ni in gani, ko goya ni ne za ta yi, tunda ba nauyi gare ni ba.

Ƙaninki,
Lyle

Malanda, 21 ga Janairu

Yaya Noeline,

Ina gaishe ki. Na ji daɗi da likita ya ce ba sai an yi aiki ba.

Kafin in ba da littattafan na baza su a teburin kicin, na jera kwanakin. Rafi goma sha huɗu ne. A kowanne, kwaɗin sun fara mutuwa cikin shekara guda bayan na iso daga rafin da cutar ta riga ta kama. Takalmi ɗaya nake sawa, ban taɓa wanke shi ba, a jiƙe yake kwana a bayan mota. Yanzu an san laka tana ɗaukar cutar. Mai yiwuwa ruwa ne ya kai ta, ko wata dabba. Amma kwanakin da hannuna na rubuta su.

Kwazazzabon nan kuwa shi kaɗai ne ban taɓa shiga ba. Sai da igiya ake sauka, Merle ta hana ni.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Sau biyu na buɗe murhu zan ƙone littattafan, na sake rufewa.

Ƙaninki,
Lyle

Malanda, 6 ga Fabrairu

Yaya Noeline,

Fatan kin tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso, na gode, ko da yake ba tausayi na nema ba.

Na ba Shanelle littattafan duka, da jerin kwanakin a sama. Ta karanta a tsaye, shayinta ya huce. Ta ce, "Kawu, a lokacin wa ya sani? Yanzu goge takalma muke yi da magani. Ɗauko hularka." Na ce ba zan je ba. Ta ce ba ta taɓa ganin tsoho mai taurin kai irina ba, na ce ai ba ta san yayata ba.

Ranar Asabar suka tafi ba ni. Da ta dawo ta kunna mini kukansa a waya, kamar ana buga cokali a bakin kofi. Na sa ta maimaita sau huɗu. Goma sha uku suka ƙirga wannan karon.

Ta ɗauko taswira za ta nuna mini ta inda suka sauka. Na roƙe ta ta ninke.

Ki gaida yara.

Ƙaninki mai kewarki,
Lyle