Ajin Saman Bene

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya maigidan da yara? Ina fatan tarin ƙaraminku ya lafa.

Kin ce in daina ɓoye miki maganar ƙafata. To, jijiyoyin jini ne suka tsuke, ciwo ɗaya da na Baban yara, kamar mun haɗa baki. Asibiti sun sa mu ajin tafiya a kan inji, cikin wani ɗaki mai fanka ɗaya da madubin da ba wanda ya roƙa. Dokar ita ce ka yi ta tafiya har sharaɓa ta ƙulle, ka huta, ka sake.

Shi kam ya samu sauƙi, har cika baki yake wa maƙwabta. Ni ina nan jiya i yau. Shugabar makarantarmu ta ce idan aka dawo hutu ban iya hawa bene ba, za ta ba wata ajina, ni kuma in koma ɗakin ajiyar littattafai a ƙasa. Auta, raina ya ɓaci. Ni da na koya wa yaran nan riƙe fensir, a ce in koma kaɗe ƙura?

Ki gaida kowa.

Yayarki.

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, an gano bakin zaren. Likitar motsa jiki ta ja kujera ta zauna tana kallonmu. Ashe duk lokacin da Baban yara ya kashe injinsa, ni ma sai in kashe nawa, in miƙa masa ruwa da tawul. Wallahi ban san ina yi ba, hannu ne ya saba. Kin ga da ƙafarsa nake auna tafiyata, tawa ba ta taɓa kaiwa inda za ta yi aiki ba.

Na ce mata ai ni sharaɓata ba ta ƙullewa. Ta ce mata da yawa ba haka ciwon ke zo musu ba, wata nauyi take ji a cinya, wata gajiya. Nauyin kuwa ina jin sa kullum, na ɗauka tsufa ne.

Ta raba mana ranar zuwa, kowa da tasa. Yayanki, Baban yara, ya kumbura, wai wa zai riƙe masa tawul. Na ce akwai ƙusa a bango.

Taki,
Yaya.

Auta ƙanwata,

Ina gaisuwa, ya jikin surukarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Tafiyar ni kaɗai ba daɗi. Nauyin kan zo har in ji kamar in yi kuka, in huta, in sake hawa. Matan da muka fara tare yawanci sun daina zuwa, wannan jika, waccan girki. Ni dai na toshe kunnena.

Jiya aka koma makaranta. Shugabar ta tsaya a gindin bene da makullin ɗakin littattafai a hannu, tana ta yi mini murmushin tausayi. Na gaishe ta, na kama ƙarfe na hau. A kwanar bene ƙafar ta ce in tsaya, na tsaya. Yaran suka ɗauka masu makara nake dubawa, suka ruga aji da gudu. Ban gyara musu ba.

Da na shiga, sun riga sun goge mini allo.

Yayarki mai ƙaunarki,
Malama.