Jikana Ya Tsallake Ƙanƙara

Sun sauka, Hajiya Ƙarama! Jikana yana kan cinyata yanzu haka, yana jan gemuna.

Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki, ya yara, ya mutanen Fagge? Mu nan unguwar Shisha a Makka lafiya lau.

Tun da 'yata Maryam ta haihu a Turai, a hoto kawai nake ganin yaron. Da suka taso, ƙanƙara ta rufe filin da za su sauya jirgi, aka karkatar da su wani ƙaramin fili. Jirgin kuwa mai bene ne, filin ba shi da matakalar da za ta kai ƙofarsa. Haka suka zauna a ciki, madarar yaro tana neman ƙarewa. Ni ina Jidda ina jira, wayarta a kashe, ko ruwa na kasa sha.

Mijinta Habibu kuma, don kada miƙati ya wuce shi a sama, tun a filin farko ya ɗaura harami, ya tura rigunan sanyinsa cikin akwati. Da aka samo matakala, cikin mayafin Maryam ya sauko, yana karkarwa! Na ce, "Ya waladi, ɗana, haramin ƙanƙara ka ɗaura?" Ya ce, "Halas, ya isa, Baba, na tuba."

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da Malam da su Ladi. Ku nemi bizar umara ku zo ku gan shi, hancin Babanmu ne sak. Amma kowa ya riƙe rigar sanyinsa a hannu.

Yayanki,
Isa