Ƙuri'ar da Ta Kori Dogo

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, ya ƙarin haƙuri?

Baba, filin wasan da ni da abokina, ɗanka marigayi Dogo, muka buɗe a intanet ya cika shekara biyar, 'yan wasa sun matsa in rubuta asalinsa. Na san nawa ɓangaren. Da ciwo ya zaunar da shi a ɗaki, wasan nan ne fitarsa, amma a filayen wasu sai mutum ya shiga ƙungiya ya tafi harkarsa, ya bar abokai ana cin su. Dogo ya gaji, muka haɗa wata tsohuwar kwamfuta daga tarkacen shagona, muka kafa namu: Ja da Shuɗi, biyar-biyar, kowa na neman tutar wani. Don Allah ka rubuto abin da kai ka gani.

Sai dai akwai damuwa. Akawun ɗin da ya shekara ba a shiga ba, gogewa yake yi tare da duk abin da mai shi ya gina a cikin wasan. Na Dogo saura mako biyu, kuma ba wanda ya san lambar sirrinsa.

Ɗanka, Mai Gyaran Waya

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Haƙuri da godiya.

Me na gani? Ƙeyar yarona na gani shekara huɗu, ina kiran abin aikin banza. Ban taɓa jawo kujera na zauna kusa da shi ba.

Lambar na same ta a takarda ƙarƙashin kwamfutar. Na shiga da hantsi. Sai ga shagona na kafinta ya gina a cikin wasan, a bakin gada, da shuɗiyar ƙofarsa, har bencin nan mai gajeriyar ƙafa da yake yi wa dariya. Ban iya matsawa ba, yatsun nan zarto suka sani, sai na tsaya ina kallo ina hawaye. Rubutu na ta gudu a gefe, can aka fitar da ni. Kwana uku haka. Yau ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Me na ɓata?

Ka gaida mutanen gida.

Babanka

Baba,

Ina gaisuwa, amma ban san da wane baki zan yi bayani ba.

Dokarmu ta farko, wadda Dogo ya kafa da hannunsa: wanda ya tsaya cak abokansa na fama, a yi masa ƙuri'ar kora. Kora uku, an goge shi ke nan, ya kuma ɗaure abin yadda ko ni ba zan iya warwarewa ba. Sababbin 'yan wasa ba su san sunan ba, sun ga dai Shuɗi na shan kashi. A rana ta uku ina ciki. Na ga sunansa, na ɗauka ɓarawo ne ya fasa. Ƙuri'ata ce ta cika adadin.

Shagon ya tafi, Baba. Bakin gada fili ne yanzu. Ka yafe mini, ni na kasa yafe wa kaina.

Ɗanka

Ɗana,

Na amsa gaisuwa, na kuma yafe. Tarihin ka rubuta kai kaɗai, ba ni da abin sawa.

Tambaya ɗaya gare ni. Ƙofar nan, in an tura tana buɗewa? Yarona ya sa mutum a ciki, a bakin aiki?

In ba kowa, kada ka ba ni amsa.

Ka huta lafiya.

Babanka