Na Kai Kawu Ilu Gaban Alƙali

Misfala, Makka.

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina iyali, yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya, sai abu ɗaya.

Jiya na kai ƙarar Kawu Ilu, kawun mai ɗakina, gaban alƙali. Tun hajjin bara waccan na ba shi fasfonta ya nema mata iƙama, takardar zama. Ka san kunyar suruki, ban iya matsa masa ba. In na je gaisuwa sai ya ce, "Habu, ɗana," in sunkuyar da kai. Ita kuwa ko Harami ta daina zuwa don tsoron askar, 'yan sandan nan.

Da na daure na je ofis, magatakarda ya ce ba a taɓa kawo sunanta ba. Na tambayi Kawu, ya ce, "Yaushe ka yi girman tuhumata?"

Ƙila na yi rashin kunya, Yaya. Amma in aka kama ta, jirgin Jidda za a sa ta, a mayar da ita gida.

Gobe zan fita neman shaidu, har yanzu ba wanda ya yarda. A sa mu a addu'a. Gai da Inna, kada a gaya mata tukuna.

Ƙaninka,
Habu